Jan Tsumma A Sitiyari

Shafi na 31

"Ɗaga tamfol ɗin nan."

"Auta, ki zauna tukuna, kin sha hanya. Bari in kawo miki ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni garejinka ba, Injiniya. Motar da ka lulluɓe a lungun can nake son gani."

Injiniya ya tsaya da sifana a hannu, bai ajiye ba, bai kuma ci gaba da aikin ba. Ma'aikatansa duk sun tashi. Ba kowa a garejin sai su biyu da fankar sama da ke kaɗa warin baƙin mai daga wannan bango zuwa wancan.

Ya ƙaƙalo murmushi.

"Madam Birki, yau kuma me na yi? Wallahi a hankali na tuƙo da safe, har mai keke ya wuce ni yana ɗaga min hannu."

Sunan da yake tsokanarta da shi ke nan tun kafin a sa musu ranar aure, don duk sanda ta shiga motarsa sai ta ƙanƙame kujera tana ce masa ya taka birki. Da can sai ta murguɗa baki ta yi dariya. Yau ko gezau fuskarta ba ta yi ba.

"Daga asibiti nake."

"Ya jikin Yaya? Ai da safe na je na juya shi, na goge masa baya. Ya ce gobe in zo da reza, wai gemun ya fara mai da shi tsoho."

"Jiki yana nan yadda ka bar shi. Ƙafafu biyu a kan gado kamar ba nasa ba." Ta ajiye jakarta a kan teburin kayan aiki. "Amma yau ya tuna wani abu."

Tun ranar da wata mota ta kwashe yayanta a kan babur yana dawowa daga aiki, ta kuma gudu ba ta tsaya ba, 'yan sanda ke tambayarsa abin da ya gani. Bai ga komai ba. Ta baya ta zo masa. Ba launi, ba lamba. Mutumin da sana'arsa hawa turakun wutar lantarki, yau sai an ɗaga shi ake canza masa zanin gado.

"Bai gani ba, amma ya ji," ta ce. "Ya ce kafin ta buge shi ya ji wani fito siriri, kamar butar shayi ta tafasa. Sai kuma tas, tas, tau. Da bakinsa ya kwaikwaya min, har yana dariya, wai ƙarar nan ce ke tashinsa daga barci. Umma tana gefe tana ɓare masa lemo, ba ta san me ya sa kofi ya kuɓuce daga hannuna ba."

Injiniya ya ajiye sifanar a hankali.

"Wa ya taɓa tsayar da ni a ƙofar garejin nan ya ce, saurara Madam, duk garin nan in kin ji mota ta yi fito ta yi tas, tas, tau da an ɗaga ƙafa daga totur, to aikina ne? Wa ya ce min kowane makanike da sa hannunsa, wannan shi ne naka?"

"Auta..."

"Za ka ɗaga ko in ɗaga?"

Bai motsa ba. Ta wuce shi, ta kama gefen tamfol ɗin da hannu biyu ta ja. Ƙura ta tashi.

Rawayar mota ce, gajera, cikinta kusan a ƙasa, tayoyinta faffaɗa. Ta san ta. Motar Ɗan Lele ce, ɗan masu hali da ya fi kowa kawo wa Injiniya aiki, wanda ba ya cire baƙin gilashi ko a cikin inuwa. Bambar gaba ta lotse, fitilar dama ta tarwatse. A kan rawayan fentin akwai dogon layin shuɗin fenti.

Shuɗi ne babur ɗin Yaya.

Ta kai yatsa ta shafa wurin. Ba ta yi kuka ba.

"Kai ka tuƙa?"

"A'a. Na rantse da Allah, ba ni ba ne. Ɗan Lele ne."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar."

"Tun ranar." Ta maimaita kamar mai koyon sabon yare. "Ranar da ka ɗauko ni da Umma ka kai mu asibiti. Ranar da ka ba da jininka. Ka sani."

"Na sani."

"Kullum kana wanke shi, kana ba shi abinci a baki, yana ce maka ƙanina. Kullum kana tafiya ka dawo nan ka tarar da wannan a lulluɓe."

"Ki bar ni in yi miki bayani."

"Yi. Ai ka iya bayani. Ka taɓa yini guda kana yi min bayanin salansar mota."

Ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna.

"Na gama injin ɗin, ƙarfinsa ya ninka na kamfani. Amma birkin da zai iya riƙe shi bai zo ba. Tsohon na mayar na wucin gadi, don dai a iya matsar da ita a cikin gareji. Ranar na tafi karɓo sabon. Ina can Ɗan Lele ya zo, ya ce a ba shi makulli zai ɗan ɗana ta. Ma'aikata suka leƙa ciki, ba su ga alama ba, suka ba shi."

"Wace alama?"

"A nan ba ma tsayawa tambayar juna. Hannu da yawa ne, motoci da yawa, wani ya fita wani ya shigo. Duk motar da birkinta bai kammala ba, jan tsumma muke ɗaurawa a sitiyari. In ka ga tsumma, ko uban mai motar ne ya zo ba a ba shi makulli. In babu, mota ta gama." Ya yi saurin ƙarawa, idonsa a ƙasa. "Ni na manta ban ɗaura ba. Laifina ne. Shi ke nan maganar."



A hankali Auta ta juya ta dubi wata mota da ke kan jak kusa da ƙofa. Ta taka zuwa wurin, ta leƙa ta tagar direba. Ga shi nan a saman sitiyari, jan tsumma duk baƙin mai, an yi masa ƙulli biyu tamau.



Ta san ƙullin nan. Ta san yadda yake cije yatsa. A kan irinsa farcenta ya karye.

"Injiniya."

"Na ce miki na manta."

"Wanda ya manta ba ya ƙulli biyu."

"Auta, don Allah ki bar maganar nan a inda na ajiye ta."

"Ranar na kawo maka abincin rana." Muryarta ta koma ƙasa ƙasa, kamar ba da shi take ba. "Ba ka nan. Aka ce in jira. Kujerun garejin duk mai, ni kuma da farar riga. Sai na ga ƙofar wannan a buɗe, kujerarta tas. Na shiga na zauna."

"Ki yi shiru."

"Na ce bari in ɗauki hoto in tsokane ka. Sai wannan ƙazamin tsumman ya ɓata min hoton. Har tsaki na yi, na ce mutanen nan ba su da tsafta, motar mutane mai kyau sun rataya mata tsumma. Na kwance. Na jefa kan teburin kayan aiki."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa.

"Na turo maka hoton, na rubuta direbarka ta iso. Na gaji da jira na tafi gida." Ta juyo ta dube shi. "Kwanaki na nemi hoton a wayata ban gani ba."

"Ni na goge. Ranar da na karɓi wayarki a asibiti na ce zan sa miki caji."

Ta zame ta zauna a ƙasa, a kan simintin da ko takalmi ba ta son takawa da shi. Sai a lokacin kukan ya zo, marar sauti, wanda ke girgiza kafaɗa kawai.

Ya taso ya durƙusa gabanta, ya kai hannu, ya fasa.

"Ba laifinki ba ne. Ba ki sani ba. Ni na ga hoton a lokacin, yana hannuna, sitiyarin na nan fili ba tsumma. Da na lura, kira ɗaya zan yi. Amma fuskarki na kalla, Auta. Na tsaya a tsakiyar shagon mutane ina murmushi kamar wawa. Ban kalli sitiyari ba."

"Ka koya min ƙarar," ta ce cikin kuka. "Ka koya min fito, ka koya min tas tas tau. Ba ka taɓa koya min tsumman ba."



Fanka na ta juyi. A waje wata babbar mota ta wuce, ƙofar ƙarfen garejin ta yi rawa.

Da ta ɗago, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Yanzu duk wannan dodon da ka haɗa da hannunka, abin da ya raba shi da bayan Yaya tsumma ne? Tsumman goge hannu?"

"Tsari ne da muka daɗe a kai, bai taɓa ba mu kunya ba."

"Ya ba ku yanzu. Ka faɗa min, ina motar nan za ta da wannan gudun? Titin da Ɗan Lele ya bi, titin da muke tsallakawa da kayan cefane ne. Ga makaranta, ga tashar mota, ga masu babur kamar ƙudaje. Ba ka tafiya mai nisa sai ka tarar da mahaɗa. Ina za ta kai shi da motar haya ba za ta kai shi ba?"

"In aka gama ta daidai, birkinta ya fi na kowace mota a garin nan. Ta fi motocin hayan da kike shiga aminci."

"To, da sabon birkin ya zo ka ɗaura, da ta tsaya?"

Ya kawar da kai ya dubi motar.

"Tambayarka nake. Kai ne Injiniya."

"Na duba kwamfutar motar," ya ce da ƙyar. "Tana ajiye gudun ƙarshe. A gudun da yake yi a wurin... ban sani ba, Auta. Wata rana in lissafa in ga da ta tsaya. Washegari in sake lissafawa in ga ko birkin jirgi ne ba zai cece shi ba. Ban sani ba."

"Ke nan ko tsumman ban san ko shi ne ba."

"Ba ki sani ba. Ni ma ban sani ba."

Ta yi wata dariya da ta fi kukan ciwo. Da a ce ya ce mata ita ce, da ta san abin da za ta ɗauka. Da ya ce ba ita ba ce, da ta san inda za ta ajiye. Ya bar ta a tsakiya.

Idonta ya sauka kan wani dogon kwali da ke jingine da bango bayan rawayar motar. An yage bakinsa, sabuwar bamba na leƙowa, an riga an fesa mata fenti rawaya.

"Wancan fa?"

Kafin ya amsa wayarsa ta yi ƙara a aljihun rigar aikinsa. Ya ciro, ya duba, ya yi saurin kifewa.

"Ɗauka."

"Ba kowa ba ne."

"Ɗauka ka sa a fili in ji."

Ya danna. Muryar Ɗan Lele ta cika garejin, wasai, ana jin kiɗa a bayansa.

"Injiniyana, maganin ƙarfe. Ya amaryata? An gyara mata fuskar?"

"Ina kai."

"Kana kai, kana kai. Tun yaushe kake kai? Ƙarshen mako nake son ta, abokai sun fara cewa na ji tsoro na sayar. Kuma ka ji, tunda tana hannunka ka ɗan ƙara mata wuta. Ƙarar nan ma ka ɗaga ta, ina son in na shigo layi kowa ya leƙo."

"Za mu yi magana."

"Mun gama magana ai. Ni dai ka sani, mota aka miƙo min da makulli, ba wanda ya ce min komai. Kuma mutanenka sun ce wata hajiya ta zauna a ciki ranar. Ni ba na son sunan mace ya shiga bakin 'yan sanda, ka san ni da tausayi." Ya yi dariya. "Ya mai jikin? A gaishe shi."

Ya kashe.

Auta ta miƙe a hankali, tana dafa bango. Bayan rigarta duk ya yi baƙi, ba ta ko duba ba.

"A gaishe shi," ta ce.

"Kin ji dalilin. Kin ji da kunnenki. In na buɗe baki, sunanki zai fara kira. Shi yana da masu tsaya masa, ke wa kike da shi? Ni in an rufe garejin nan, in an rufe ni kaina, ban damu ba. Amma ba zan tsaya ina kallo a sa ki gaban tebur ana tambayarki ya aka yi kika karya yayanki ba."

"Shi ya sa za ka gyara masa ita."

"Zan ɗaura mata birkin da ya dace."

"Ka ƙara mata wuta."

"Ba zan ƙara ba. Zan ce masa na ƙara."

"Ka miƙa masa makulli, ya koma titin. Wannan karon da birki mai kyau, don ya ƙara samun ƙarfin gwiwar taka totur. Sai yayan wa kuma? Ko uwar wa?"

"Auta, ki ji tausayina."

"Tausayinka nake ji, shi ne abin da ke kashe ni." Hawayen suka dawo. "Da na tsane ka da abin ya zo da sauƙi. Ina kallonka yanzu, duk ka rame, idonka ya faɗa, na zaci wahalar jinya ce. Ashe wannan kake ɗauke da shi kai kaɗai, saboda ni. Ban san ko in gode maka ko in tsine maka ba."

Ya matso kusa da ita.

"To ki yi tunanin Yaya. Kin ji abin da likita ya ce, ƙafa ba za ta dawo ba, abin da ya rage kada zuciyar ta bi ta. Sai kwanan nan ya fara cin abinci ba a roƙe shi ba. Wa yake da shi? Ke da ni. Da safen nan ya riƙe hannuna ya ce kada a ɗaga bikinmu saboda shi, wai a keken guragu zai zo, ni zan tura shi har gaban mutane. Yana faɗa yana dariya. Ki je ki ce masa ƙanwar da ya goya ta kwance tsumma, mutumin da ke wanke shi kuma shi ya haɗa injin? Me kika bar masa? Bango zai juya wa fuska, ba zai sake juyowa ba. Ga Umma da hawan jini."

Ta runtse ido. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ta sani. Ta ga Yaya a ranta, yadda yake kiranta 'yar rigima in ta matsa masa da magani, yadda fuskarsa ke washewa da ya ji takun Injiniya a baranda. Ta ga kanta gobe tana miƙa masa cokali da hannun nan. Jibi ma haka. Shekara da shekaru, yana cewa Allah ya yi miki albarka, tana cewa amin.

Ta buɗe ido ta dubi hannun. Farcen ya riga ya tofo, ba alamar komai.

"In mun yi shiru zai ci gaba da son mu," ta ce.

"Eh."

"Amma ba mu yake so ba ke nan. Wasu mutane ne da babu su."

"Ya fi babu."

"A wurinka. Ni ba zan iya ba. Yau da na fito Yaya ya ce in sayo masa man shafawa, bayansa ya fara salewa. Ka san na tsaya a ƙofar kantin na kasa shiga? A lokacin ma kai kaɗai nake zargi."

Ta ɗauki jakarta daga kan teburin. Ya sha gabanta, bai taɓa ta ba, ya dai tsaya a hanya da hannuwansa a buɗe.

"In kika fita da maganar nan, kin rasa Yaya. Umma ba za ta sake yarda in taka ƙofar gidanku ba. Auren nan ya mutu. Kuma Ɗan Lele yana iya fita fes, ke ki kwana a kulle. Ba abin da za ki samu, Auta. Ƙafar ba za ta dawo ba."

"Na sani."

"To don me?"

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kamar mai son haddace fuskar. Sannan ta goge hawayenta da bayan hannu.

"Matsa min. Asibiti zan koma yanzu, in zauna gaban Yaya in faɗa masa da bakina, tun daga tsumman har injin. Daga can ofishin 'yan sanda zan wuce, in kawo su nan kafin ka taɓa bambar can. Ko ka biyo ni ka faɗi naka, ko ka tsaya ka jira mu."